HIRAR BAYAN KARATU: Son da bai kai ga aure ba

  

Watan jiya mun yi zancen ajiyar harawa. Yau zan sake hanya. Zancen sinima zan yi, da zancen so. Na san akwai dattijon da zai naɗe jarida ya ce malam ya rasa abin faɗi. Baba, a yi mini haƙuri. A karanta har ƙasa tukuna, in ya so a yi mini faɗa ranar kasuwa.

YADDA ZANCEN YA TASO

Wani dare mun tashi daga karatu, samari sunka taru bakin rumfa. Ɗayansu ya fiddo salula, sunka haɗa kai suna kallon fim, irin wanda muke kira dandalin soyayya. Saurayi da budurwa suna rawa cikin lambu. Kafin waƙa guda ta ƙare, kowanensu ya sake tufafi sau uku.

A ajinmu akwai wani dattijo Bafillace. Ya ba shekara 60 baya, amma shi ke riga kowa zuwa. Baffa muke ce masa. Ya leƙa salular, ya daɗe yana kallo. Can ya juyo ya ce mini: "Malam, wannan so ne ko tallar atamfa?"

Kowa ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce: "Lokacin da nake son uwar ɗiyana, rani biyu ina kora shanu zuwa rijiyarsu. Ga rijiya kusa da mu, ina wuce ta. Ban taɓa ce mata komi ba. Ita ma ba ta ce ba. Amma duk ranar da na zo, guganta take miƙo mini kafin in roƙa."

Na ce: "Baffa, akwai masu yin fim irin naka." Ya ce gani ya kori ji.

To, jama'a, fim iri biyu ne. Akwai na kasuwa, mai waƙa da rawa da faɗa. Ba na zaginsa, ni ma ina kallo in na gaji. Akwai kuma wanda mai shi ya yi don wata magana tana cin ransa, ko ya samu kuɗi ko bai samu ba. Shi wannan ba ya gaggawa. Magana kaɗan ce a ciki. Mai ɗaukar hoto yakan tsaya bisa fuskar mutum har ka ƙosa, sa'an nan ka gane abin da ke damunsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ita ce sana'arsu. Ba a cika samun irinsa wurin masu zuba fim a salula ba. A manyan tarukan sinima ake nuna shi, kamar FESPACO na Wagadugu, da taron garin Cannes a Faransa.

Masu irin wannan fim suna son labarin mutum biyu da ke son juna, ba su faɗa ba, kuma ba su samu juna ba. Kada ku ce abin Turawa ne. Ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a a Afirka, nan Tawa ya zauna.

MUSTAFA ALASAN DA LABARIN TULA

Sunansa Mustafa Alasan. An haife shi a 1942. Da kanikanci ya fara, sa'an nan ya koyi aikin sinima a Yamai wurin wani Bafaranshe, Jean Rouch. A 1962 ya yi wani ɗan gajeren fim mai suna Aure. Ya yi finafinan zane da na ƴan tsana, har da wanda kwaɗi ke kokowa. Ƙarshen rayuwarsa a Tawa ya yi shi. Yana da otel, ya mai da wasu ɗakunan wurin aiki. Ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015. Allah ya jiƙansa. Da yawanmu mun sha wucewa ta ƙofarsa za mu tasha, ba mu san ko wane ne a ciki ba.

A 1973, shekarar babban fari, ya yi wani fim tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring. Sunan fim ɗin Tula. Tsohon labari ne na ƙasar Tera, wanda Bubu Hama ya rubuta. Bubu Hama shi ne shugaban majalisar dokoki ta Nijar har zuwa 1974, kuma babban marubuci ne.

Ga labarin. Fari ya sauka wata ƙasa. Ba ruwa sama, ba ruwa ƙasa. Sarki ya kira boka. Boka ya ce aljanin ruwa ya yi fushi, ba zai huce ba sai an ba shi budurwa. Wadda abin ya faɗa kanta ita ce Tula, ɗiyar ƴar'uwar sarki.

Akwai saurayi mai son Tula, sunansa Ado. Bai zare takobi ba. Bai sace ta da dare ba. Ya yi tunani ya ce, in an samu ruwa, ai ba sauran dalilin ba da ita. Sai ya kama hanya biɗar ruwa. Ya sha wuya, ya samu. Ya juyo da albishir a bakinsa. Ya iske an gama. Aljani ya karɓi abin da ya nema, Tula ta ɓace cikin tabki.

Na fara ganin fim ɗin ga a Tawa, lokacin wani horo na malaman yaƙi da jahilci. Wani abokin aikina yana da shi cikin kwamfuta. Bayan maganar Baffa, na roƙe shi ya zo mana da ita. Ya zo ranar kasuwa ya kwana. Munka aza kwamfutar bisa benci, munka jona ta da batirin hasken rana. Maza gaba, mata baya. Inda ba a gane ba, ni ke fassara.

Da farko yara suna ta surutu. Sunka ce fim ɗin yana tafiyar hawainiya. Amma tsofaffin da sunka ga farin 1973, da yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari, su ba su motsa ba. Sun san abin da ƙishirwa ke sa mutane su aikata.

Da anka gama, gardama ta tashi. Wani saurayi ya ce Ado ragon namiji ne. Ya ce da shi ne, raƙumi zai ɗaura wa sirdi, ya aza ta, gari ya waye suna Abala. Wani ya ce ai tafiyar Ado ihu ne bayan hari. Baffa ya ce: "Ku yara ba ku san komi ba. Wanda ya shiga daji da ƙishirwa don ke ki rayu, me ya rage bai faɗa ba?"

Ana haka, sai wata mace daga baya ta yi gyaran murya. Tana cikin ajin mata, shekararta ta biyu ke nan. Ta ce: "Malam, duk zancen Ado kuke yi. Sarki ya yi magana. Boka ya yi magana. Ado ya yi tafiya. To, wa ya tambayi Tula?"

Wuri ya yi tsit. Ni kaina sau biyu na ga fim ɗin, wannan tambaya ba ta zo mini ba. Ita ce ta sa ni rubutun ga.

SHIRU IRI BIYU NE

Mu mutanen Adar, cikin kunya anka rene mu. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko wasa ba ta yi da shi gaban mutane. Mutum ba ya sakin jiki ya ci tuwo gaban surukinsa. Fulani suna ce wa abin semteende. Abzinawa suna ce masa takarakit, shi ya sa namiji ke jan rawani ya rufe baki gaban manya. Wannan ba rashin so ba ne. Sau da yawa inda kunya ta fi yawa, nan so ya fi ƙarfi.

Akwai fim na Nijar da ya nuna haka da kyau. Sunansa Zin'naariya, Rahmatu Keita ta yi shi a 2016. Wata ɗiyar gidan sarauta ce ta komo Damagaram daga karatu a Faransa. Ta bar zuciyarta wurin wani saurayi. Ba ta iya faɗi. Tana zaune tana jira, tana sauraron labarin manyan mata, kowace da irin tabon da aure ya bar mata.

Amma maganar matar nan ta ajinmu ta nuna mini wani abu. Akwai shirun da mutum ya zaɓa da kansa. Akwai shirun da anka ɗora masa, kamar kaya bisa jaki. In ka hango su daga nesa, kamarsu ɗaya.

Malamanmu suna karantar da mu cewa a nemi yardar budurwa kafin a aurar da ita, kuma in ta yi shiru don kunya, an ɗauka ta yarda. Haka ne. Amma kowace tsohuwa ta san bambanci. Akwai yarinyar da za ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane, tana ɓoye murmushi. Akwai wadda za ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga bisa tabarma. Wanda ya ce duka ɗaya ne, bai duba ba. Ko kuwa ba ya son dubawa.

Umaru Ganda ya yi fim bisa shiru na biyu. Shi ɗan Yamai ne, an haife shi a 1935, ya yi soja a yaƙin Indosin, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Babban gidan raya al'adu na Yamai sunansa yake ɗauke da shi. Fim ɗin da Zabarmanci ne, ana kiransa Wazzou polygame. Wazzou shi ne wa'azi. Wani Alhaji ne ya komo daga Makka, yana da mata biyu. Ya ɗora ido bisa wata yarinya, Satu, alhali an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Alhaji yana da abin hannu, Garba ba shi da. Garba ya bar gari ya tafi birni da baƙin cikinsa. Matar Alhaji ta biyu kishi ya rufe mata ido. Ta yi niyyar kashe amarya, cikin duhu ta kashe ƙawar amarya. Zalika Sule, wadda ta rasu a 2021, tana cikin ƴan wasan. Wannan fim shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, a 1972. Ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta kafin kowa a Afirka.

Fiye da shekara 50 ke nan da yin sa. Na so in ce labarin ya tsufa. Binciken da hukuma ta yi a 2012 ya nuna, cikin mata 100 na Nijar masu shekara 20 zuwa 24, guda 76 an yi musu aure kafin su cika 18. Ban ce duka auren dole ne ba. Amma ƙaramar yarinya ba ta da bakin cewa a'a gaban ubanta.

MAƘWABTA BIYU A ƘASAR SIN

Yanzu bari in kai ku nesa, ku ga shirun da mutum ke zaɓa da kansa. Wannan ma cikin kwamfutar abokina na gan shi. Maganarsu ta Sinanci ce, ana rubuta fassara da Faransanci a ƙasa. Ni da ban wuce ƙaramar lakkol ba, sai da na riƙa tsai da shi ina karantawa. Amma da yake maganar kaɗan ce, ban sha wuya ba.

Sunan fim ɗin In the Mood for Love. Wani mutum Wong Kar-wai ya yi shi a 2000. Labarin yana faruwa a birnin Hong Kong a 1962, lokacin yana hannun Ingila. Gidan haya ne mai cunkoso. Rana ɗaya iyali biyu sunka tare, ɗaki kusa da ɗaki. Namijin ɗaya ɗakin ɗan jarida ne. Macen ɗayan ɗakin sakatariya ce. Shi matarsa kullum tana wurin aiki har dare. Ita mijinta kullum yana tafiya. Har fim ya ƙare, ba a nuna mana fuskar waɗannan matafiya biyu ba.

Kowane dare ita tana sauka da ɗan kwanonta ta sayo taliya. Shi ma yana sauka ya ci. Suna gamuwa bisa matakala mai ƙunci. Ta raɓa, ya raɓa. Sannu, sannu. Shi ke nan. An nuna wannan gamuwa sau da yawa, har ka fara jiran ta kamar yadda su ke jira.

Sannu a hankali sunka gane abin da ake ciki. Irin jakar da mijinta ya sayo mata daga waje, ita ce a hannun matar maƙwabci. Irin karabat ɗin da matarsa ta ba shi, wato ƙyallen nan da ma'aikata ke ɗaurawa a wuya, shi ne a wuyan mijin maƙwabciya. Ashe matarsa da mijinta sun daɗe suna cin amanarsu tare.

A fim na kasuwa, nan za a zare wuƙa, ko kuwa su ma su rama. Su ba su yi ba. Sunka yi wa juna alkawari ba za su zama kamar waɗancan ba. Suna zama suna hira. Tana taya shi rubuta labarin da yake sayar wa jarida. Ba su ankara ba, so ya shige su. Wani dare ruwa ya tare su gindin bango. Ya ruga ya ɗauko laima ya ba ta. Ta ƙi karɓa, don in mutanen gida sunka ga laimarsa hannunta, magana ta tashi. Kun ga bakin mutane ba a Tebaram kaɗai yake ba.

Da ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya nemi aiki a Singafo. Ya tambaye ta ko za ta bi shi. Ta yi ta jinkiri. Sa'ad da ta zo, ya riga ya tafi. Daga baya ta kira shi ta waya. Ya ɗauka. Ta riƙe wayar ba ta ce uffan ba, ta ajiye. A 1966 ya komo tsohon gidan gaisuwa. Ya wuce ta bakin ƙofarta, bai san ita ce a ciki ba.

Ga wurin da ya fi tsaya mini a rai. Ya taɓa gaya wa abokinsa cewa mutanen da, in suna da asirin da ba su iya faɗa wa kowa, sai su hau dutse su sami itace. Su huda rami a jikinsa, su raɗa asirin a ciki, su liƙe da laka. A ƙarshen fim, an nuna shi a wani tsohon gini na ƙasar Kambodiya. Ya kafa bakinsa a wani rami na bango, ya daɗe yana raɗa. Ba mu ji abin da ya ce ba. Ya toshe ramin da laka, ya tafi. Ɗan wasan, Tony Leung, ya ci kyautar gwanin ƴan wasa a Cannes a shekarar 2000.

Ni a ganina, waɗannan biyu ba kamar Tula da Satu ba ne. Sun sha baƙin ciki, gaskiya ne. Tsoron tsegumi ma ya taka rawarsa. Amma ba wanda ya sayar da su, ba wanda ya yanke musu hukunci a zaure suna cikin ɗaki. Su sunka auna, sunka ga mutuncinsu ya fi musu. Irin wannan shiru ina cire masa hula.

DABBA, AMMA BA TA KIWO BA

Na san kuna son fim na Indiya. To, su ma suna da irin wanga marar rawa. Akwai wanda anka yi a 2013, Ritesh Batra ya yi shi. Da yarensu sunansa Dabba. Makiyaya kada ku yi murna, ba tunkiya ba ce. Dabba a wurinsu kwanon abinci ne mai hawa-hawa.

A birnin Mumbai akwai masu sana'ar kai abinci. Suna karɓar kwano daga gida, su kai wa mai gida wurin aiki, da keke da jirgin ƙasa. Kafin annobar korona ta 2020, sun kai mutum 5,000, suna kai kwano wajen 200,000 kowace rana. Da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba. Da alamu da launi suke gane kwanon kowa, kamar yadda kuke gane shanunku da zane a kunne.

Wata matar aure, mijinta ya daina kula ta. Ta yi girki mai daɗi don ta jawo hankalinsa. Kwanon ya ɓata hanya, ya faɗa hannun wani ma'aikaci da matarsa ta rasu, yana gab da barin aiki. Ya cinye tas. Da ta gane, ta sa ƴar takarda cikin kwano. Ya ba da amsa. Haka sunka yi ta yi, kullum takarda na tafiya ƙarƙashin gurasa. Abin da ba su iya gaya wa na kusa da su, sunka rubuta wa wanda ba su taɓa gani ba.

Ranar da sunka shirya gamuwa a gidan abinci, ya zo. Ya zauna nesa yana kallonta tana jira. Ya ga ita yarinya ce, shi ya tsufa. Bai tashi ba. Washegari ta aiko masa da kwano wayam. Irrfan Khan ne ya fito a mutumin, ya rasu a 2020. Shi wannan shirun nasa ban san inda zan aje shi ba. Rabi mutunci ne, don matar wani ce. Rabi kuwa tsoro ne kawai.

WANI SAURAYI DA NA SANI

Akwai shiru na uku, kuma shi ya fi yawa a ƙasarmu. Shi ne na saurayin da ya ce sai na samo tukuna.

Kun san yadda muke. Ana gama girbi, motoci na cika. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya. Adar ƙasar biɗa ce tun kakanni. Kowane saurayi da ya hau motar nan, Ado ne. Ya tafi neman ruwa. Tambaya ita ce, wa ya sani don wa ya tafi?

Na san wani saurayi a wani ƙauye kusa da nan. Kada ku tambaye ni sunansa. Yana da shekara 20 lokacin. Akwai yarinyar da ke kawo furar saidawa bakin kasuwa. Kullum wurinta yake saye, ko ba ya jin yunwa. Kullum tana ƙara masa nono fiye da na kuɗinsa. Damina biyu ana haka. Bai ce ba, ba ta ce ba. Ya ga ba shi da ko akuya, kunya ta hana shi tura kowa gidansu. Ya ce bari ya je Abijan ya samo sadaki, sa'an nan ya yi magana da ƙarfinsa.

Ya iya rubutu, don ya yi lakkol. Wata uku da zuwansa ya rubuta mata takarda. Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya tuna ita ba ta iya karatu ba. Dole ta kai wa wani ya karanta mata da ƙarfi, wataƙila gaban yayyenta. Kafin la'asar duk gari ya ji. Salula kuwa lokacin sai gidan mai hali, kuma a aljihun maza take. Ya ninke takardar ya sa ƙasan jaka.

Ya yi wata 20 yana tura baro da tallar shayi. Ya komo da jikka 300, da akwati, da atamfa. Ya iske an ɗaura mata aure wata 4 da sunka wuce. Uban yarinyar ba azzalumi ba ne. Mai nema ya zo, na kirki, ya bayar. Daga baya ya ce wa kawun saurayin: "Wallahi da na san ɗanku yana ciki, da na jira. Ba wanda ya zo ya gaya mini." An ce ranar da anka tambaye ta, shiru ta yi. Ba wanda ya duba ko wane irin shiru ne.

Yau kowanensu yana da gidansa da ɗiyansa, lafiya lau. In sunka gamu ranar kasuwa, takan ce: "Ina kwana, ya iyali?" Yakan ce: "Lafiya lau, ya yara?" Ta wuce, ya wuce. Takardar tana nan. Ya taɓa gaya mini tawadar ta kusa gogewa.

Shi ya sa nake cewa samari masu shirin tafiya bana: kunyarku tana da kyau, ba na so ku zama masu rawa cikin lambu. Ba sai ka tare yarinya a hanya ba. Amma al'ada ta yi mana ƙofa. Kana da kawu, kana da baffa. Kafin ka hau mota, tura su. Ko goro kaɗan ne a kai, a san da kai. In an ce a'a, ka tafi da saninka.

Ku kuma iyaye maza, na san uba ba ya iya zama da ɗiyarsa ya yi wannan zance. Ni ma ba zan iya ba. To, ga gwaggonta, ga kakarta. Kaka abokiyar wasan jika ce, ba kunya tsakaninsu. A tura ta, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta dubi fuskar yarinya da kyau, ta komo ta faɗi abin da ta gani. Wannan ba ya cin ko dala.

Abokina ya yi alkawarin komowa da kwamfutarsa bayan girbi. Matan aji sun ce wannan karo su za su zauna gaba. Mun yarda.

Shekaranjiya na ba Baffa labarin mutumin nan na ƙasar Sin, da ramin da ya raɗa wa asirinsa ya liƙe da laka. Ya yi shiru yana tauna goro. Can ya ce: "Malam, in da mu ma haka muke yi, da duk gawon da ke tsakanin nan da Tawa ba ka samun wurin sa yatsa." Ya ɗauki allonsa da alli, ya ce in nuna masa yadda ake rubuta sunan uwar ɗiyansa. Na ce ya faɗi sunan. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce in matso da kunnena.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Naku, malamin yaƙi da jahilci, Tebaram.